Sa Hannun Melitón Arreola

Bari in fara da faɗin aibina kafin wani ya riga ni: bakina ba ya riƙe magana. Ba tsegumi nake so ba, a'a. Ni dai idan aka ba ni ajiyar labari sai in ji kamar na guntsi ruwan zafi, ba na samun sukuni sai na furzar. Duk garin Noria Vieja an san ni da wannan, kuma mutum ɗaya ne bai daddara ba, shi ne kompadrena Anselmo Barraza mai kantin magani, wanda ya riƙe mini 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna haka. Labarin nasa ne. Ni direba ne kawai a ciki.

Anselmo ya ba hamsin baya da shekara takwas, ga ɗan tumbi ga sanƙo, kuma tun yana ɗan talatin yake tara tsofaffin takardu. Ba kowace takarda ba. A zamanin juyin juya hali, cikin shekarar 1914, da sojojin gwamnati suka janye daga garinmu, mutum bakwai sun kafa majalisa, suka mulki Noria Vieja da ƙauyukanta wata huɗu da kwana goma sha ɗaya. Gwamnati ce sosai, da hatiminta, da dokokinta a kan ruwan rafi da yankan shanu, da takardun izinin wucewa da take ba masu alfadarai. Takardun wannan gwamnatin Anselmo yake farauta. Ya samo wasu a akwatunan mamata, wasu a ƙarƙashin katifa, ya taɓa ɓamɓaro ɗaya daga gindin kejin kaji. Arba'in da uku gare shi, kowace cikin rigarta ta leda, ba ya taɓa su sai da farar safar hannu.

Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne wutsiya. Mutanen wancan zamanin idan sun rubuta sunansu ba sa ɗaga alƙalami sai sun zana wata lanƙwasa a ƙarƙashi, kowa da irin tasa, ita ce shaidar cewa shi ne. Masu tara takardu a wajenmu wutsiya suke kiranta. Anselmo yakan kifa gilashinsa mai ƙara girman rubutu a kanta ya karanta maka halin mutum tas. Ya ce shugaban majalisar, Atilano Rentería, mai girman kai ne, don wutsiyarsa tana harbawa sama. Ya ce Gumersindo Soto marowaci ne, dubi yadda yake tattalin tawada. Har ɗan littafi ya buga a kan haka, kwafi ɗari biyu, ɗari da sittin suna nan bayan kwalaben maganin tari.

Sa hannun mutum shida yake da shi. Na bakwai, Melitón Arreola mai kula da rabon ruwa, babu wanda ya taɓa ganin nasa. Sunansa yana cikin waƙoƙin tsofaffi, yana kan allon dandali, amma ko rabin wutsiyarsa ba a samu ba. Ga shi bikin cika shekara ɗari ya rage kwana tara. Magajin gari ya ba Anselmo zauren majalisa ya baje kolinsa, shi kuma ya sa kafinta ya yi masa firam bakwai masu gilashi. Shida sun cika. Na bakwai yana jingine a falo, matarsa Doña Amparo ta ce in bai kawar da shi ba za ta sa hoton uwarta a ciki.

Ranar Alhamis da hantsi wata ma'aikaciyar allurar rigakafi ta shigo sayen auduga. Tana jiran a naɗe mata ta ga ɗan littafin nan, ta ce ai ta ga irin wannan hatimin a wani gida can ƙauyen Las Tunas, wajen wata tsohuwa, Doña Herlinda, mai shekara casa'in. Firam ɗin hoton Waliyyi Isidro ne ya faɗo daga bango tana cikin awon jininta, sai ga takarda a bayansa. Ta ce sunan tsohuwar na gidan ubanta Arreola ne.

Anselmo ya ba ta auduga, ya ba ta wata kyauta, ya raka ta har titi. Ya dawo ya rufe kanti da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifi ɗansa. Ya iso garejina yana haki, farar rigar aiki a jikinsa.

"Kompadre Heriberto, motarka tana tashi?"

"In an tura ta."

"Asabar da asuba za mu Las Tunas. Gobe ba zan iya ba, masu kawo magani za su zo." Ya kama hannuna da hannu biyu. "Na same shi. Melitón. Amma don Allah, kompadre, kada kowa ya ji. Musamman Nemesio."

Lauya Nemesio Olguín shi ne ɗaya mai tara takardun a garin. Goma sha tara kacal gare shi, amma yana da mota mai sanyi da haƙuri irin na kyanwa a bakin rami. Shekara ashirin suna gaisawa da Anselmo cikin mutunci, kowa yana yi wa akwatin ɗan'uwansa fatan gara.

Na yi alkawari, kuma na riƙe shi har Juma'a da la'asar. A shagon aski ne ya kuɓuce mini. Ban ma faɗi sunan ƙauyen ba sai da wanzamin ya tambaya. Ban lura da mutumin da ke kujerar ƙarshe ba, an lulluɓe masa fuska da tawul mai zafi. Da aka ɗaga tawul ɗin, Lauya Nemesio ya yi mini murmushi ya ce, "Las Tunas. Hanyar tana da kyau kuwa, Don Heriberto?"

Na je na faɗa wa Anselmo da bakina, wannan kam na iya. Bai zage ni ba. Ya dube ni yadda yake duban takardar likita mai mugun rubutu, ya ce, "Ƙarfe biyar. Ka zuba mai yau."

Doña Amparo ce ta tura mana motar tare da maƙwabci. Ta leƙo ta taga ta ce wa mijinta, "In tsohuwar tana son ka, ka zauna can. Na riga na auna hoton Mama, ya shiga daidai."

Tafiyar awa biyu ce da rabi, rabinta kan burji. Anselmo bai jingina ba ko sau ɗaya. Jakar fata a cinyarsa, a ciki safar hannu, gilashi, leda da ɗan hantsaki. Duk ƙurar da ya hango a madubi sai ya ce Nemesio ne. Sau biyu tarakta ce, sau ɗaya garken awaki. Tsakanin haka yana ta zana wutsiyoyi a iska da yatsa.

"Mai rabon ruwa ne, ka gane? Mutumin da ke tsayawa tsakanin manoma biyu kowa da adda. Wutsiyarsa gajera za ta zama. Layi ɗaya, ƙyat, kamar sara."

"In kuma takardar haihuwar akuya ce fa?"

"Tuƙa mota, kompadre."

Gidan Doña Herlinda na jan ƙasa ne, da bishiyar rumman a tsakar gida. Mun same ta a gaban murhu tana gasa tortiya, wainar masarar wajenmu, 'yar ƙarama, ta yi kitso biyu farare, idonta ɗaya ya yi hazo. Anselmo ya cire hula ya fara jawabin da ya shirya tun Alhamis. Ta bar shi ya kai tsakiya.

"Kun karya?"

"Doña Herlinda, ba don abinci muka..."

"Ku zauna. Ba na magana da mai yunwa, ba ya ji."

Ta zuba mana wake da ƙwai da wani jan barkono da ta daka da kanta. Daga inda Anselmo yake zaune yana hango ɗakin ta ƙofa, ga Waliyyi Isidro can a bango da shanun nomansa, taku shida tsakaninsu. Ya kai loma ta farko, idanunsa suka kawo ruwa. Ya kai ta biyu, sanƙonsa ya fara naso. Bai tsaya ba, don ya lura tsohuwar tana kallon farantinsa da idonta mai kyau.

Yana kan faranti na biyu muka ji mota ta tsaya a waje, irin tsayuwar da ba ta da ƙara. Lauya Nemesio ya shigo da farar kwat da kwalin alewa mai ribon.

"A'a, Don Anselmo. Ashe kantin magani har ƙauye yake kai kaya."

"Lauya. Wa aka kai ƙara a Las Tunas?"

Doña Herlinda ta nuna wa lauyan kujera. Ya ciro hankici ya share ta kafin ya zauna. Ta miƙo masa faranti, ya ce likita ya hana shi yaji, kuma ba zai ɗauki lokacinta ba, ya ji tana da wata tsohuwar takarda, shi kuma a shirye yake ya saya, ta faɗi abin da take so.

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji ta. Ta juya ga Anselmo. "Kai mai kuka, in ƙara maka?"

"Ki ƙara, Doña," ya ce da muryar da ba tasa ba.

Sai da ya suɗe faranti na uku ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta sauko da waliyyin, ta kifa shi a kan teburin cin abinci tsakanin kwanon wake da tulun kofi. Anselmo ya yi wuf ya wanke hannu, ya sa safarsa, ya ciro hantsaki. Kafin ya juyo ta riga ta lanƙwashe ƙusoshin da wuƙar yanka albasa, ta zaro takardar da yatsunta masu maiƙo, ta karkaɗe ta a jikin zanen gabanta kamar mai karkaɗe tortiya. Wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaron Anselmo. Nemesio ma ya runtse ido. Karo na farko ke nan da na ga su biyun sun ji ciwo a wuri ɗaya.

Ta shimfiɗa ta a gabansa. Takarda ce mai ruwan ƙasa, ninki huɗu, hatimin majalisa a sama. Umarni ne cewa a buɗe ƙofar ruwan babbar gona, mutanen Las Tunas su sha kwana uku a kowane mako. A ƙasa an rubuta Melitón Arreola, harafi bayan harafi, tsaf. Wutsiyar kuwa ba gajera ba ce. Ta taso daga harafin ƙarshe ta koma baya, ta yi zobe uku, ta nutse, ta sake tasowa ta naɗe sunan duka kamar an yafa masa mayafi.

Anselmo ya kifa gilashi. Ya bi zoben farko, ya bi na biyu. Ya ga inda tawada ta ƙare aka sake tsoma alƙalami, aka ci gaba daga daidai wurin ba tare da kuskure ba. Shekara ashirin da takwas yana neman wannan, ga shi a kusa da kwanon wake.

"Na yi kuskure, kompadre," ya ce a hankali. "Ba mai sara ba ne. Mutum ne mai zurfin ciki. Dubi haƙuri. Wannan ya san darajar kansa, amma ba ya faɗa."

"Baba kenan?" in ji Doña Herlinda. Ta yi 'yar dariya ta hanci. "To."

Nemesio ya sake gwadawa, ya yi maganar akwatin ƙarfe da ɗaki mai sanyi inda takarda za ta shekara ɗari biyu. Ta ce ta shekara ɗari a bayan waliyyi ba ta yi ƙorafi ba. Sannan ta faɗi hukuncinta. Za ta ba mai kantin magani aro, aro kawai, bisa sharaɗi biyu: a zo a ɗauke ta ranar bikin ta ga inda aka rataye sunan ubanta, a kuma dawo da ita gida da takardarta kafin kaji su shiga akurki.

Lauya ya miƙe, ya gyara kwat, ya miƙa wa Anselmo hannu. "Ka goge maiƙon da garin alli, kada ka sa ruwa," ya ce. Ya manta alewarsa, ko ya bar ta, ban sani ba. Tsohuwar ta ba mu, muka sha rabi a hanya.

Kwana bakwai da suka biyo baya Anselmo bai taka ƙasa ba. Ya ba mai ciwon kai maganin tsutsa, ya bi shi da gudu har kasuwa ya karɓo. Ya sake rubuta jawabinsa sau biyar. Ya je wajen mai buga takardu ya sa a ƙara shafi huɗu a ɗan littafinsa, aka manna su da hannu cikin kwafi ɗari da sittin. Doña Amparo ta mayar da hoton uwarta cikin durowa, ta guge masa kwat ɗin aurensu, ta matsar da maɓalli.

Ranar biki na je Las Tunas da sassafe na ɗauko tsohuwar. Ta sa baƙar riga da mayafi mai geza, ta riƙo ƙullin tortiya don ba ta yarda da abincin gari ba. Dandali ya cika maƙil, ga masu busa ƙaho, ga 'yan makaranta da gashin baki na auduga da bindigogin katako. A zaure firam bakwai suna jere a bango, babu gurbi. Aka zaunar da Doña Herlinda a gaba kusa da magajin gari.

Anselmo ya yi jawabi na minti arba'in, kuma ban taɓa jin ya yi magana haka ba. Ya bi firam ɗin ɗaya bayan ɗaya da ɗan sanda. Ya nuna girman kan Rentería, ya nuna rowar Soto, jikokin Soto suka yi dariya suka ce har yau haka gidan yake. Da ya iso na bakwai sai ya tsaya, ya cire tabarau ya goge. Ya ce ga hannun mutumin da ya shayar da Las Tunas, yau majalisa ta sake zama cikakkiya. Zaure ya ɗauki tafi. Lauya Nemesio ma ya tafa, sau huɗu, na ƙirga. Magajin gari ya rungume Anselmo, mai ɗaukar hoto ya ce a sake, suka sake.

Da mutane suka watse wajen cin nama, Doña Herlinda ta ce a kai ta kusa da bango. Anselmo ya ba ta hannunsa da gilashinsa. Ta bi firam ɗin tun daga na farko, tana kusantar da idonta mai kyau har hancinta yana taɓa gilashi. Ta daɗe a kowanne. Da ta gama ta ce rana ta yi, a ciro mata takardarta.

Anselmo ya rako mu. Ta zauna a tsakiya, shi a bakin taga da takardar cikin leda a ƙirjinsa, har yanzu yana maimaita wuraren jawabin da aka fi tafawa. Mun bar kwalta mun hau burji ta buɗe ƙullinta, ta ba kowa tortiya.

"Ka kyauta, ɗana," ta ce masa. "Ban taɓa ganin rubutun Mama da yawa haka a wuri ɗaya ba."

"Na Babanki, Doña."

"Baba bai iya rubutu ba. Har ya mutu da babban yatsa yake dangwalawa."

Anselmo ya daina tauna. "To wannan ɗin..."

"Mama ce. Jovita. Malamar makaranta ce lokacin, shekararta goma sha tara, ba su yi aure ba tukuna."

Muka wuce gona biyu. Na ga yana lissafi a ransa, yana neman abin da zai tsira da shi. "To, ba laifi," ya ce. "An saba yin haka. Wanda bai iya ba yakan roƙi wani ya sa masa. Sauran shidan dai..."

"Su ma ita ce. Ai ba sa gari. Sati biyu da kafa majalisar suka hau dutse da bindigogi, ba su sauko ba sai da komai ya ƙare. Suka bar mata hatimi da mabuɗi. In mutane suka zo da matsala sai ta ce su dawo gobe, majalisa za ta zauna. Ta rufe ƙofa ta rubuta, ta sa sunan wanda ya dace. Masu manyan gonaki ba za su buɗe ruwa don yarinya ta ce ba."

"Amma wutsiyoyin, Doña. Kowa da tasa."

"Ita ta ƙirƙira musu. Na Don Atilano da hannun hagu take yi. Takan yi mana su a kan toka muna yara, mu faɗi na wane ne." Ta tsinke tortiya ta kai baki. "Na Soto kam ka faɗi gaskiya, marowaci ne. Ta san shi."

Motar ta faɗa rami ta fito. Anselmo ya ɗaga ledar ya dubi zoben nan uku.

"Me ya sa nasa guda ɗaya ne tak? Shekara ashirin da takwas ina nema."

"In sojoji suka dawo, wanda sunansa ke kan takarda shi ake fara jinginawa da bango a harbe. Ta riga ta sa ido a kan Baba, ba ta son a ɓata mata shi. Wannan ɗin ma don ruwa ne, dole sai sunansa. Da aka buɗe ƙofar ruwan ta bi ta karɓo abarta."

Mun sauke ta rana tana kan bishiyar rumman, kaji ba su shiga ba. Anselmo da kansa ya mayar da takardar bayan waliyyi, da safar hannu, ya lanƙwasa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ya dawo wani lokaci ya ci wake.

A hanyar dawowa bai ce mini kada kowa ya ji ba. Ya san ba amfani. Muna isa ya wuce zauren majalisa, ya sa mai gadi ya buɗe masa, ya ciro sauran takardun daga jaka ya baje su a kan teburin magajin gari. Ya bi su da gilashi gaba da baya, gefe da gefe, har cikin ninki. Duka arba'in da uku hannun Jovita ne, kuma babu sunanta a kan ko ɗaya.